Zobo, shayi da albasa suna da amfani ga jijiyoyin jini, amma dan Allah kada ku ajiye maganin asibiti

Duk wanda yake cikin guruf ɗin WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai ya san irin saƙon nan da ake turowa, wai a jiƙa zobo da kanumfari a sha safe da yamma na kwana bakwai hawan jini ya tafi ke nan har abada, ko wani ya fito a TikTok da farar riga da robar kafso a hannu yana rantsuwa cewa a cikinta akwai wani sinadarin tsirrai wai shi filabonoyid mai wanke jijiyoyin jini ya narkar da kitse ya kori suga, kuɗinta dubu kaza amma yau an yi ragi saboda Juma'a. Ni abin da yake ba ni haushi da mutanen nan ba ƙarya zalla suke yi ba, da ƙarya ce zalla ai da sauƙi. Gaskiya suke ɗaukowa 'yar ƙarama su hura ta har ta fi ƙarfin kanta, shi kuma bawan Allah da likita ya ɗora a kan magani yana ji sai ya tura ƙwayoyinsa ƙarƙashin katifa ya koma jiƙo.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, filabonoyid gaskiya ne, amfaninsa ga jijiyoyin jini ma akwai hujja a kai, amma amfanin ɗan kaɗan ne, a cikin abinci yake ba a cikin kafso ba, kuma mu Hausawa muna da shi jibge a kasuwa da arha sai dai mun ƙware wajen lalata shi da sukari.

Shi filabonoyid ba abu ɗaya ba ne, dangi ne guda na sinadarai, sun kai dubbai, tsirrai ne suke haɗa su don kare kansu daga zafin rana da ƙwari da cuta, kuma da yawa daga cikinsu su ne suke ba fure da 'ya'yan itace launi. Jan da kake gani a zobo har ya rina maka harshe, antosayanin ne, ɗan wannan gida ne. Albasa tana da kwasetin, ya fi yawa a jar albasa kuma ya fi taruwa a ɓawon waje-waje wanda matanmu suke ɓarewa su zubar. Ganyen shayi yana da katekin, kokon da ake yin cakulan da shi (ba kokon gero ba) da goro ma suna da danginsa, lemon zaƙi yana da hesferidin, jar dawa da karan dafi suna da nasu jan na daban, zogale yana da shi, waken suya ma haka. Wato dai ba wani abu ne da sai an yo odarsa daga Dubai ba.

Yadda yake aiki kuwa, an daɗe ana cewa wai yana share dattin da ke lalata ƙwayoyin jiki, wannan bayanin masana da yawa sun ja baya da shi, don abin da ya yi a cikin kwalbar gwaji ba shi yake yi a jikin mutum ba, kaɗan ne yake shiga jini yadda yake, saura hanta da ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji su suke farfasa shi su mai da shi wani abu. Har ma'aikatar noma ta Amurka a 2012 ta sauke jadawalin da take jera abinci bisa wannan ƙarfin share datti, saboda 'yan kasuwa sun mai da shi abin talla alhali ba ya nuna komai game da lafiyar mutum. Bayanin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne na bangon cikin jijiya. Jijiyar jini kamar tiyon ban ruwa take, in tana da laushi tana buɗewa ruwa ya wuce salin alin, in ta ƙandare ta tsuke sai injin ya yi ta wahala, injin nan kuwa zuciya ce. Shi bangon cikin yana fitar da wata iska mai suna naitirik oksaid wadda take sa jijiya ta saki jiki, gano wannan ne ma ya sa aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna filabonoyid ɗin koko da shayi yana taimaka wa wannan aikin, jijiya ta ƙara buɗewa, awon jini ya sauka da maki biyu ko uku. Biyu ko uku fa na ce. Mutumin da awonsa yake 180 ya lissafa da kansa.

Zumuɗin nan ba yau aka fara shi ba. Tun 1936 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, wanda ya ci Nobel a 1937, ya ga kamar wani abu da ke cikin lemon tsami da barkono yana ƙarfafa ƙananan jijiyoyi, har aka ɗauke shi a matsayin sabon bitamin, aka yi ta murna, zuwa 1950 aka janye saboda an kasa nuna cewa rashinsa yana jawo wata cuta ta musamman. Sai a 1993 maganar ta sake tashi da wani bincike a garin Zutphen na ƙasar Holan, inda aka bi dattawa maza 805 na shekara biyar, aka ga waɗanda suka fi samun filabonoyid, galibi daga shayi da albasa da tuffa, sun fi tsira daga mutuwar ciwon zuciya. A 2019 kuma aka fitar da wani babba daga Denmak, mutum sama da 56,000 aka bi har shekara 23, nan ma aka ga masu cinsa sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da ciwon daji, amma ga wurin da masu talla ba sa karantowa, amfanin yana tsayawa ne a wajen miligiram 500 a rana, daga nan ko ka ninka ba ƙari.

To amma irin wannan bincike na bin mutane a ga me suke ci yana da rauninsa, kuma raunin babba ne. Wanda yake cin 'ya'yan itace da ganye kullum a ƙasar Turai yawanci shi ne mai ɗan hali, mai ilimi, mai motsa jiki, mai zuwa asibiti a kan lokaci, to wa ya san ko tuffar ce ta cece shi ko sauran? Masu binciken suna ƙoƙarin cire waɗannan a lissafi amma ba a iya cirewa duka. Hanyar da ake raba gardama ita ce a kasa mutane gida biyu da ƙuri'a, a ba waɗannan abin, a ba waɗancan ƙwayar da ba komai a cikinta, ba mai sanin me ya sha, sannan a zauna a jira.

An kuwa yi hakan da koko. Asalin zancen daga wasu mutane ne da ake kira Kuna, mazauna tsibirai a ƙasar Panama, wani likitan jami'ar Harvard mai suna Norman Hollenberg ya lura cewa su ba sa hawan jini ko sun tsufa, suna kuma shan koko kofi-kofi a kullum, 'yan uwansu da suka koma birni kuwa jininsu yana hawa kamar na kowa. Kamfanonin cakulan suka ji daɗin wannan labari ba kaɗan ba. Daga ƙarshe aka shirya gwaji mai suna COSMOS a Amurka, mutum 21,442, duk dattawa, rabi ana ba su kafson koko mai miligiram 500 kullum, aka bi su wajen shekara uku da rabi, sakamako ya fito a 2022. Babban abin da aka je nema, wato raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu gaba ɗaya, an ga ragin kashi 10 cikin ɗari amma bai kai matsayin da za a ce ba dace ba ne. Mutuwa ta ciwon zuciya ta ragu da kashi 27 cikin ɗari, wannan abin a duba ne sosai ban raina shi ba, sai dai ba shi ne ainihin tambayar gwajin ba, su kansu masu binciken cewa suka yi a ƙara bincike. Ciwon suga kuwa, ko gezau, kafson bai rage yawan masu kamuwa ba. Kuma kamfanin Mars mai cakulan yana cikin waɗanda suka tallafa wa aikin, ka ga ba za a ce maƙiya koko ne suka shirya ba. In gwajin da aka kashe maƙudan daloli a kansa iyakar abin da ya samo ke nan, wane ne kai mai robar kafso da lasifika a bakin tasha da za ka ce mana kwana bakwai?

Shi ya sa ma ƙungiyar masana abinci ta Amurka da ta fitar da shawara a 2022 ta ce a nemi miligiram 400 zuwa 600 a rana na nau'in da ke cikin shayi da koko, ta ƙara da cewa daga abinci, ba daga kafso ba. Kofi biyu na shayi ya kusa biya maka wannan.

Mu dawo kan zobonmu, don shi ne ya fi shafarmu kuma gaskiya ina alfahari da shi. A 2010 masana a jami'ar Tufts ta Amurka suka gwada shi a kan mutum 65 masu hawan jini ɗan kaɗan waɗanda ba su fara shan magani ba, kofi uku a rana na sati shida, lambar sama ta awon jini ta sauka da maki 7 da ɗoriya a wajen masu zobo, waɗanda ba a ba su zobo ba kuwa maki ɗaya da 'yan kai. Wannan ba wasa ba ne, ya fi abin da aka saba gani a koko. A nan gida ma an yi a Inugu, an buga a 2015, mutum 80, aka kara shi da wani tsohon maganin hawan jini mai sa fitsari, na sati huɗu, zobo bai ji kunya ba. Akwai wasu daga Iran da Meziko masu kama da haka. Ana ganin jan nan nasa yana taɓa wata hanya da wasu magungunan hawan jini suke bi, ga kuma tsaminsa da ɗan sa fitsari da yake yi, wato ba lallai filabonoyid kaɗai ke aikin ba.

Amma ku dubi lambobin da kyau, 65, 80, sati huɗu, sati shida. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a yi sati shida a ce an gama, abokin zama ne na shekara ashirin, talatin, kuma abin da ake tsoro ba lambar da na'ura take nunawa ba ce, shanyewar ɓarin jiki ne da mutuwar ƙoda da kumburin zuciya. Magungunan asibiti irin su amlodipine da lisinopril an gwada su a kan dubban mutane na shekaru an ga sun rage waɗannan masifu. Zobo ba a yi masa irin wannan gwaji ba. Sannan ƙwayar asibiti miligiram biyar ɗin yau shi ne na gobe, zobo kuwa na Hajiya daban na maƙwabciyarta daban, yau ya yi kauri gobe ya yi tsululu, wani baƙi wani ja wani fari, da me za ka auna?

Sai kuma babbar matsalar, wadda ita ce ta sa ni wannan rubutu. Abin da aka gwada zobo ne, abin da muke sha kuwa sukari ne da aka rina da zobo. Kowa ya taɓa tsayawa a inda ake haɗa zobon biki ko na sayarwa ya ga yadda ake juye sukari da kwano ba da cokali ba, a ƙara filebo, a ƙara garin lemo na leda, don in bai yi zaƙi raɗau ba yara ba za su saya ba. Shayi ma haka, je teburin mai shayi da safe ka ga ikon Allah, cokali huɗu biyar, ga madarar gwangwani mai zaƙi, ga burodi rabin sanda, mutum ya tashi yana cewa ai shayi yana da amfani ga zuciya. 'Yan uwanmu na Nijar da masu zaman ataya su ma koren shayi ne mai kyau a butar, amma sukarin da ake narkawa a zagaye uku ɗin nan sai wanda ya gani. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce wajen giram 50 a rana ga babba, kimanin ƙaramin cokali 12, in an samu a tsaya a rabin haka ya fi. Gorar zobo ɗaya ta kasuwa tana iya cin babban rabo daga ciki. Kuma kada wani ya ce ai ni zuma nake sawa ko mazarƙwaila ko dabino, a wajen mai ciwon suga duk kanwar ja ce, jini bai san sunansu ba.

Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021, to madalla, amma naira goma a yau ko ruwan leda ba ta saya, kuma ba ta shafi kwanon sukarin da ke cikin kicin ɗinmu ba.

A ɓangaren ciwon suga hujjar ta fi rauni, in ban da binciken bin mutane da ya nuna masu cin tuffa da inabi da irinsu ɗungurungum sun ɗan fi tsira, masu shan ruwan 'ya'yan itace da aka tace kuwa ba su samu wannan ba. Amma akwai wani labari da nake so duk mai cewa "ai Turawa ɓoye maganin gargajiya suke yi" ya ji. A 1835 aka ciro wani sinadari daga ɓawon itacen tuffa, filorizin, shi ma ɗan gidan filabonoyid ne, daga baya aka lura yana sa suga ya fita ta fitsari. Ba a iya ba mutane shi haka nan ba, hanji yana lalata shi kuma yana sa gudawa. Masana suka yi ta sassaƙarsa shekara da shekaru har aka samu magunguna irin su dapagliflozin da aka amince da shi a Turai a 2012, da empagliflozin wanda gwajin 2015 ya nuna yana rage mutuwar zuciya ga masu suga, yanzu har masu ciwon ƙoda da raunin zuciya ana ba su. Ka ga ba a ɓoye ba, an tace ne an auna an gwada, sama da shekara 170 tsakanin ɓawon itace da ƙwayar da ke kemis. Daflon ma da likitoci suke rubuta wa masu basir da kumburin jijiyoyin ƙafa filabonoyid ne daga dangin lemo, amma da awonsa da iyakar abin da aka ce yana yi, ba wanda ya ce yana maganin hawan jini da suga da sanyi da rashin haihuwa a lokaci ɗaya.

Kafson kasuwa kuwa ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai a 2018 ta ce shan koren shayi yadda aka saba ba matsala, amma kafson da aka tattara sinadarinsa ya kai miligiram 800 a rana an ga yana taɓa hanta. Irin kafson nan ne ake sayar wa mata da sunan rage tumbi. An gudu daga ƙwayar likita wai sinadari ce, an faɗa wa wadda ba a san ma me ke cikinta ba, gudun gara an tadda zago ke nan. Lambar NAFDAC da suke nunawa a kyamara kuma, a kan kayan ganye yawanci tana nufin an duba ba a ga cutarwa nan take ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa, ku juya robar ku karanta ƙananan rubutun da ke baya, da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Ko shi abincin ma yana da inda ake taka tsantsan. Shayi in aka sha shi tare da abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, a ƙasar da mata masu ciki da yawa suke fama da ƙarancin jini wannan ba ƙaramar magana ba ce, a bari sai an ɗan jima bayan cin abinci. A Sudan an yi wani gwaji a 1994 aka ga zobo da tsamiya da lemon tsami suna rage yawan kulorokwin da ke shiga jini in aka haɗiye shi da su. Mai shan maganin hawan jini ya ɗora zobo mai kauri kofi uku kullum bai gaya wa likitansa ba, jiri yana iya ɗibarsa. Mai ciki da mai ciwon ƙoda kuwa su tambaya tukuna kafin su mai da shi na kullum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun bar jaki muna dukan taiki. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba sai ranar da suka faɗi, gishiri da dunƙulen magi da muke zubawa a miya sun wuce giram biyar ɗin da aka ce a rana nesa ba kusa ba, tuwon jar dawa da gero da iyayenmu suke ci da miyar kuka da zogale da rama mun mai da su abincin ƙauye mun koma farar shinkafa da taliyar leda da burodi, sannan mu zo muna neman filabonoyid a roba daga ƙasar waje. Albasar Aliero da ta Galmi tireloli ake lodawa ana kai wa wasu ƙasashe. Zobon Jigawa ta Maigatari da Kano ake tara shi a tura Meziko, can su ma abin shansu ne na yau da kullum.

Ni da za a ji tawa, abu biyu nake so hukuma ta yi. A hana duk wani mai talla a rediyo ko a intanet furta cewa kayansa yana warkar da hawan jini ko suga, wanda ya ce wa mutane su bar maganin asibiti kuwa a hukunta shi, don wallahi wannan kisa ne a hankali. Sannan jihohin da suke cin kuɗin zobo su cire wani abu su ba asibitocin koyarwa namu, na Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato da Maiduguri, a haɗa da na Yamai da Damagaram in ya yiwu, a yi wa zobo irin gwajin da aka yi wa koko, mutum dubbai, shekara uku ko huɗu, zobo iri ɗaya awo ɗaya ba sukari, a ɗora shi a kan maganin da mutum yake sha ba a madadinsa ba, a ƙirga nawa ne suka samu shanyewar jiki a kowane ɓangare. Likitocin da za su yi muna da su, marasa lafiyar ma ga su nan cike da layin asibiti tun asuba, kuɗin ne kawai ba a ware ba, kuma ba na jin wani kamfanin cakulan zai zo ya biya mana.